A koya wa yaranmu haɗa jimla kafin haddar nahawu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana malaman firamare, da kuma iyaye, a kan yadda muke fara koya wa yara Turanci. Ni malamin firamare ne, na daɗe da alli a hannu, da daddare kuma ina koyar da ajin manya, teloli da direbobi da 'yan tireda. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaro ya gama aji shida ya haddace ma'anar azuzuwan kalmomin Turanci kaf, amma ya kasa haɗa kalma huɗu ya faɗi abin da yake so.

Duk wanda ya bi ta bayan tagar aji da safe ya san amshin: "A noun is the name of a person, animal, place or thing." Yara suna rera shi da ƙarfi har makwabta su ji. To, tsayar da yarinya ɗaya daga cikinsu ka ce ta faɗa da Turanci cewa ta sayi gyaɗa. Sai ta sunkuyar da kai tana murza gefen hijabinta. Ta san "I", ta san "buy", ta san "groundnut", amma ba a taɓa sa ta jera su da bakinta ba. Ta zama kamar yaron bakanike da ya san sunan kowane sifana, amma maigidansa bai taɓa barin sa ya kwance noti ko ɗaya ba. Laifin ba nata ba ne, namu ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ɗan Bahaushe ya shigo aji da jarinsa a hannu, mu ne ba ma taɓa shi. Tsarin jimlar Hausa da ta Turanci ɗaya ne a ginshiƙi: mai aikin ya zo, aikin ya biyo, sannan abin da aikin ya faɗa wa. "Musa ya sayi littafi", "Musa bought a book". Aikau, aikatau, karɓau, kowa yana mazauninsa. Yaron da ya tashi da Kanuri sai ya sake lissafi, domin a harshensa aikatau ƙarshen jimla yake zuwa. Haka nan Hausa ta raba namiji da mace, shi da ita, ya da ta, don haka "he" da "she" ba baƙon abu ba ne a wurinmu, alhali Yarbanci da Ibo kalma ɗaya suke da ita ga duka biyun. Me zai hana mu gaya wa yaro wannan tun ranar farko, ya ji cewa rabin aikin ya riga ya iya?

Ga yadda nake yi, kuma ba ya cin ko sisi. Ina yanka kwalin taliya ƙanana-ƙanana in raba gida uku. Kashi na farko masu aiki: I, you, we, they. Na biyu aikatau goma da rayuwar yau da kullum ba ta yiwuwa sai da su: go, come, eat, drink, buy, sell, want, have, see, like. Na uku abubuwan da yaro yake gani a gida da kasuwa, shinkafa, ruwa, sabulu, takalmi. Yara uku su fito gaban allo, kowa riƙe da kati, su jeru. "We eat rice." Sai in ce mai riƙe da shinkafa ya koma, mai riƙe da wake ya zo. "We eat beans." A canza na tsakiya. "We sell beans." Idan suka tsaya a hargitse, 'yan aji ne da kansu suke ihu su gyara musu tsayuwa. In wannan ya zauna, sai a ƙara wuri da lokaci a wutsiya: "We sell beans in the market every day." Yaron da ya kai nan ya riƙe ƙashin bayan harshen, sauran duk ƙari ne. A ajin dare ma haka, sai dai tela jimlarsa ta farko "I sew clothes" ce, direba kuma "I drive a bus", domin babba ba ya son a sa shi maimaita abin da bai shafe shi ba.

Inda harsunan biyu suka raba hanya kuwa wurare ne sanannu, kuma malamin da ya san su zai tare kuskure tun bai fito ba. Babba daga ciki shi ne wannan "ya" da "ta" da ba ma rabuwa da su. Bahaushe ba ya cewa "Musa tafi", dole ya ce "Musa ya tafi". Don haka yaro zai rubuta "Musa he went", kuma a tunaninsa daidai ya yi, domin ya bi ƙa'idar harshensa sak. Jan biro a takardarsa ba zai warkar da shi ba. A zauna a gaya masa da Hausa cewa Turanci ɗaya yake ɗauka, ko sunan ko wakilinsa, ba ya haɗa biyun. Minti biyu ya isa, amma yara da yawa suna kai wannan kuskure har sakandare don ba wanda ya taɓa yi musu bayanin.

Na biyu shi ne lokaci. Mu a jikin wannan ƙaramar kalma muke nuna shi: ya saya, yana saye, zai saya. Bature kuwa aikatau ɗin kansa yake taɓawa, "buy" ya koma "bought", "go" ya koma "went", "eat" ya koma "ate". Nan ne hadda take da amfani, amma a yi ta cikin jimla. Kullum da safe kowane yaro ya faɗi abu ɗaya da ya yi jiya. Kafin zangon karatu ya ƙare, "went" da "ate" sun zauna a baki ba tare da bulala ba. Sauran, irin su "ne" da "ce" da muke kaiwa ƙarshe alhali "is" a tsakiya take zama, da tambaya wadda mu da murya kawai muke yin ta amma Turanci sai an jawo "do" ko "did", da korewa, duk a bi su ɗaya bayan ɗaya, kada a jibga wa yaro su a mako guda.

Na san wasu za su ce yin bayani da Hausa a darasin Turanci koma baya ne. Akwai ma makarantun da ake cin tarar yaro ko a yi masa horo in an ji ya yi "banakula". Abin da na gani da idona shi ne wannan ba ya sa yaro ya yi Turanci, sai dai ya sa shi ya yi shiru. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta amince a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a farkon firamare. Kafin nan ma, a 1970, marigayi Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife sun fara gwajin koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma a matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Ba cewa nake a cika aji da Hausa ba. A yi bayani da ita a taƙaice, sannan a bar yara su yi ta furta jimlolin Turancin har kowa ya samu rabonsa, ko da a rukuni-rukuni ne in ajin ya cika maƙil kamar yadda namu suke.

Kada mu manta da abin da ke jiran su a gaba. Ba kiredit a Turanci a WAEC ko NECO, ba shiga jami'a, kuma JAMB ma dole ne kowa ya rubuta Turanci. A takardar WAEC ana sa ɗalibi ya rubuta wasiƙa ko insha'i mai tsawo. Wanda bai iya jimla ɗaya tsayayya ba, ina zai samo talatin? Daga nan ake faɗawa satar amsa, iyaye su yi ta zuba kuɗi a sake zama shekara bayan shekara, alhali ɓarakar tun aji biyu da aji uku ta faru.

Iyaye ma suna da abin yi, ko da ba su ji Turanci ba. Bayan sallar Magariba uwa ta ce wa ɗanta ya faɗa mata jimla uku da Turanci a kan abin da ya yi yau, sannan ya fassara mata da Hausa. In ya kasa fassarawa, ta san hadda kawai yake yi, sai ta sanar da malaminsa. Yayye kuma su daina yi wa ƙanne dariya in sun yi kuskure, domin dariyar nan ta rufe bakin yara fiye da yadda muke zato.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne ka ware ɗan gurbi a jaridar nan kowane mako. Tsarin jimla ɗaya tak, misalai biyar daga rayuwarmu, da gajeren bayani da Hausa. Masu karatu su aiko da nasu jimlolin, a buga wasu tare da gyara a mako na gaba ba tare da ambaton suna ba. Malaman ƙauye da ba su da littafin koyarwa za su kwafa su kai aji, 'yan ajin dare kuma su karanta a wayoyinsu. In ka amince, a shirye nake in aiko da darussan farko kyauta.

Allah Ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka, amin.

Naka,
Wani malamin firamare,
daga Zariya