Godiya ga ma'aikatan Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Jos

Ranka ya daɗe Shugaban Gidan Tarihi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne in yi godiya a bainar jama'a, domin yabon gwani ya zama dole.

Ni tsohon malamin makaranta ne. Tun da na yi ritaya abu biyu suka ɗauke mini hankali: ɗaukar hoton tsuntsayen da ke sauka a lambun gidana, da bibiyar kayan tarihin da ake tonowa daga ƙasa. Duk wanda ya taɓa rataya kyamara mai dogon baki a ƙasar nan ya san abin da ke biyo baya. Tun daga bakin ƙofa maigadi zai tare ka, wa ya aiko ka, ina takardarka, me za ka yi da hoton. Ka ce tsuntsu kake bi, a dube ka kamar mai taɓin hankali. Akwai wani gidan tarihi, ba zan kama suna ba, da na tarar da ɗakin nune-nunen a kulle, wai mai makullin ya tafi ɗaurin aure, amma an samu mai karɓar na goro.

Da wannan fargabar na shigo wurinku. Na biya kuɗin shiga, aka ba ni rasit.

Wata ma'aikaciya, wadda a haife na haife ta, ita ta zagaya da ni wajen gumakan yumɓu na Nok, wato ƙauyen da ke kudancin Jihar Kaduna inda aka fara tono irinsu. Da ta ji ni mai son tsuntsaye ne sai ta yi dariya, ta ce ai Baba ka zo gida. Ta ba ni labarin kan gunkin nan na ƙasar Jama'a, wanda aka tsinto a wajen haƙar kuza a farkon shekarun 1940, wani ya kafa shi mutum-mutumi a gonar doya kafin ya kai hannun Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan nan a 1952. Na sha karanta labarin, amma ban taɓa jin sa a bakin wanda ke yini da kayan ba. Ta sa na sunkuya gaban gumakan na dubi hudar ƙwayar ido da ta hanci, da yadda aka tsara kitson, aikin hannun mutanen da suka rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Da muka fito ta gaya mini inda aka yarda a ɗauki hoto da inda aka hana, ta kawo mini kujera gindin wata bishiya. Nan na samu cilakowa tana gyaran fiffike. Ko sisi ba ta nema ba, da na miƙa ma ta ce in bar shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wurare nawa muke da su masu ganuwa da tsoffin maƙera, an bar su ana ɗibar ƙasa ana zuba shara, ba mai ko kafa allo.

Don Allah a isar mata da gaisuwata, Allah Ya yi mata albarka.

Naku,
Wani malami mai ritaya, daga Zariya