Amsa ga mai tambaya: me ke cin ƙashin da ke riƙe haƙori?

Assalamu alaikum Malam.

A shirin lafiya na rediyo ka ce haƙoranka ba su da rami, amma dasashinka na jini in ka yi asuwaki, har ɗaya ya fara girgiɗa. Ka tambaya ko ƙwayoyin cuta ne ke cin ƙashin. Su ne ke tsokano faɗan, amma yawancin ɓarnar garkuwar jikinka ce ke yin ta.

Tsakanin haƙori da dasashi akwai ɗan kwari mai zurfin milimita 1 zuwa 3. Nan farin dattin nan mai yauƙi yake taruwa, wanda kake gani a farce in ka kankara. Jiki sai ya turo fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil, jijiyoyin jini su buɗe don su wuce. Shi ya sa dasashi ke yin ja, ya kumbura, ya yi jini. A 1965 wani masanin haƙori, Harald Löe, da abokan aikinsa a Denmak sun sa masu lafiyayyen dasashi su daina goge baki: cikin kwana 10 zuwa 21 kumburi ya bayyana, da suka koma gogewa ya lafa cikin kamar mako guda. A wannan matakin ana warkewa sarai.

In dattin ya daɗe har ya daskare kamar dutse, nutrofil ba sa iya kawar da shi, kuma ba sa janyewa. Sai su yi ta zubar da sinadarai irin MMP-8, masu tsinka zaren da ya ɗaure haƙori da ƙashi. Wasu fararen ƙwayoyin jinin da ake kira makrofaj su saki sinadaran kumburi IL-1 da TNF, wasu kuma da ake kira T da B su fitar da sinadarin RANKL, shi kuma ya tayar da ƙwayoyin da ke narkar da ƙashi. Kwarin nan ya zama aljihu, milimita 4, 5, 6, inda iska ba ta isa sosai, wurin da ƙwayar cutar da ake kira Porphyromonas gingivalis ke jin daɗin hayayyafa. Abin takaici, galibi ba ya zafi, shi ya sa ake makara.

Don Allah kada jinin ya hana ka goge wurin. Sau biyu a rana, minti biyu, da buroshi mai laushi a karkace zuwa bakin dasashi, ka bi tsakanin haƙora da zare. Daskararren dattin kuwa sai likitan haƙori ya kankare shi har cikin aljihun, ya auna zurfinsa, ya ɗauki hoton ƙashin. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na kemis shi kaɗai ba ya ratsa dattin nan. Ka je a gwada sugan jininka, domin ciwon suga yana rura wannan kumburi. In kana shan taba ka gaya wa likita, tana ɓoye jinin dasashi alhali ƙashi na zaizayewa. Ƙashin da ya tafi da wuya ya dawo, amma ana tsayar da cutar, don haka ka kai haƙorin nan a duba cikin makon nan.

Allah ya ƙara lafiya.