Masu gina shafukan intanet, a daina rubuta menu da hannu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da matasanmu da ke gina wa jaridu, makarantu da ƙungiyoyi shafukan intanet. Maganar a kan layin nan ne na saman shafi mai ɗauke da Labarai, Siyasa, Wasanni da Kasuwanci, wanda masu aikin ke kira menu. Shi mai karatu yake fara taɓawa, kuma shi aka fi yi wa aikin ganin dama. Ka danna Wasanni ya kai ka shafin da babu shi, ko ka danna a waya ya ƙi buɗewa sam.

Yawanci tushen abin ɗaya ne. An zauna an rubuta adireshin kowane sashe da hannu a cikin fayil ɗin header.php, wanda ke tsara saman shafi, alhali manhajar da ke riƙe da rubuce-rubucen ta san sassanta. Zan yi misali da WordPress, ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji. Tun fitowar WordPress 3.0 a shekarar 2010 aka tanadi hanyar da ta dace. Mai gini ya buɗe functions.php, ya yi rajistar gurbi da register_nav_menus, a ce gurbi biyu, na sama da na ƙasan shafi. Sannan a header.php ya kira wp_nav_menu, ya nuna masa gurbin ta theme_location. Aikin rubuta code ya ƙare ke nan. Saura na mai kula da shafi ne: ya shiga Appearance, ya zaɓi Menus, ya ɗauko rukunan labarai da shafukan da yake so, ya jera su, ya ja wanda zai zauna a ƙarƙashin wani zuwa dama kaɗan, ya kuma ɗora menu ɗin a gurbinsa kafin ya adana.

Amfanin wannan shi ne, abin da aka ɗauko daga rukuni yana riƙe da lambar rukunin ne, ba adireshinsa ba. Ko an sauya wutsiyar adireshin, wato kalmar ƙarshensa, gobe, menu zai bi ta da kansa. Wanda aka sa ta Custom Links kuwa ba ya bi, don haka a bar shi ga adireshin waje kawai, kamar shafin Facebook na jaridar. Jigo, wato theme, shi ne tarin fayilolin da ke ba shafi kamanninsa. A yi duk gyaran nan a cikin ƙaramin jigo mai gadon babban, wato child theme, domin ranar da aka sabunta babban jigo, duk abin da aka rubuta a fayilolinsa zai shafe.

In aka manta ba a ɗora menu a gurbi ba, WordPress ba ta barin wurin fayau. Sai ta jero duk shafukan da aka wallafa, har da Sample Page da ke zuwa da ita. Maganinsa a ɗora menu ɗin, a kuma mayar da fallback_cb na wp_nav_menu, wanda ke kawo wannan jerin madadin, zuwa false. A ganina a tsayar da depth, wato yawan hawan menu, a kan 2, sassan sama kuma kada su wuce shida ko bakwai. Hawa na uku wahala ce kawai ga mai karatu.

Wajen ado, abin da ke fitowa jeri ne na ul da li, kuma manhajar tana liƙa wa kowanne suna da kanta: menu-item-has-children ga mai 'ya'ya, sub-menu ga 'ya'yan, current-menu-item ga sashen da ake ciki. Da waɗannan ake rubuta CSS, wato umarnin da ke tsara adon shafi. A shimfiɗa layin da display flex, a ba uwar position relative, 'ya'yan kuma absolute, a ɓoye su sai an buƙata. Abu biyu ke yawan ɓata aikin. In aka bar tazara tsakanin uwa da 'ya'ya da margin, da linzamin kwamfuta, wato mouse, ya faɗa cikin tazarar sai jerin ya ɓace kafin a kai gare shi. A yi tazarar da padding. In kuma jerin yana shigewa bayan hoton babban labari, ko yana fitowa a gutsure, a duba z-index, a duba ko an sa overflow hidden a kan akwatin da ke ɗauke da shi. Sannan idan mai karatu yana cikin labari guda, rukuninsa ba ya samun current-menu-item, current-post-ancestor yake samu. A haɗa su biyun a launi ɗaya.

Inda na fi damuwa shi ne waya. Mai gini yana gwaji a kwamfuta, ya ɗora linzami jerin ya sauko, ya ce aiki ya yi. To, waya ba ta da linzami, kuma da ita akasarin mutanenmu ke karatu. A ƙasa da faɗin fiksel 768 a naɗe menu ɗin a bayan maɓallin nan mai layi uku, kowane sashe mai 'ya'ya kuma a ba shi nasa maɓallin na buɗewa daban da mahaɗin, ana sauya aria-expanded, alamar da ke nuna jerin a buɗe yake ko a rufe, tsakanin true da false domin makafi masu amfani da manhajar karanta allo. Tsayin kowane layi kada ya gaza fiksel 44, don yatsa ya samu wurin sauka.

Sai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Salon rubutu da dama da ke zuwa da jigo ba su da su, shi ya sa za ka ga Ƙasa ko Ɗalibai harafin farko ya fita daban, ko ya zama ɗan akwati. In an sa text-transform uppercase abin ya fi muni, domin wani salon yana da ƙaramin harafin amma ba shi da babban. Noto Sans da Andika suna da su duka. A wutsiyar adireshi kuma ƙ tana komawa %c6%99 idan aka kwafo ta, saboda haka a rubuta wutsiyar da k, sunan da ake gani kuma a bar shi da ƙugiyarsa.

Wanda ya duba Appearance bai ga Menus ba, kada ya ɗauka wani abu ya lalace. Daga WordPress 5.9 na shekarar 2022, jigogin zamani irin su Twenty Twenty-Two suna haɗa menu a cikin Editor ne, da tubalin Navigation. In kuma an yi gyara bai bayyana ba, a share ajiyar wucin gadi, wato cache, ta shafin da ta burauza, sannan a sake gwadawa a ƙaramar waya da datar layi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naka,
Mai karatu daga Zariya