Mijin ƙanwata ya yaga takardar awon damuwarta

Assalamu alaikum Hajiya, sannu da ƙoƙari. Don Allah a sakaya sunana.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin awo, maganar kuma ta ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Cikin fari ne, mako 26. Jiya mijinta ya yaga takardar da na cika mata, wai ni ke zuga ta, kar in ƙara taka masa gida.

Takardar fa tambayoyi goma ne na ma'aunin damuwa da ake kira PSS, kan yadda mace ta ji a watan da ya wuce. Kowace amsa maki 0 zuwa 4, jimilla 40. Tambaya ta 4, 5, 7 da 8 juya makinsu ake yi, in aka manta lissafin ya karkace. Daga 27 zuwa sama damuwa ta yi tsanani, ita 31 ta samu. Mu biyu a ɗaki na yi mata, don in miji ko uwar miji na zaune, "lafiya lau" kawai mace za ta ce.

Uwar mijin nan ita ce ummul'aba'isin komai. Wai laulayi ne da shagwaɓa, su da suka haihu ba su ga takarda ba. Shi kuma ya ce in gaskiya ne a ɗebi jini a gani. Jini ba ya raba wannan gardama, sinadarin kotisol, wanda jiki ke fitarwa lokacin damuwa, da kansa yake hawa in mace na da ciki, ko hankalinta kwance yake. Na auna mata hawan jini bayan ta huta minti biyar a zaune, hannu daidai ƙirji: 138 bisa 88, dab da 140 bisa 90 ɗin da muke tsoro bayan mako 20.

Au, ban faɗa miki ba, aure zai ƙara, har an fara haɗa lefe. Ba ta barci, abinci sai an matsa mata.

Ni dai aikina na yi. Abin da ya hana ni sukuni shi ne tambaya ta goma a wata takardar da na cika mata, ta Edinbara, mai auna ciwon damuwa na masu ciki da masu jego, wato ko tunanin cutar da kanta ya zo mata cikin kwana bakwai. Ta ce "wani lokaci". A ƙa'idar aikinmu wannan amsa ba ta kwana, a ranar ake haɗa mace da likita. Ita kuma ta rantsar da ni kar kowa ya ji.

To Hajiya, in je in fasa wa Baba, ko in bi ta wurin wan mijin? In kuma ya hana ta awo gaba ɗaya, wa zai sake duba hawan jinin nan a makon gobe?