Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Kiwon Lafiya, daga Tawa

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Mahaifiyata ta yi shekara arba'in tana tuyar ƙosai a kan murhun itace. Yau daga ɗaki zuwa bakin randa sai ta tsaya ta dafa bango, ta tsuke leɓe tana sakin numfashi kaɗan-kaɗan, kamar mai hura kunu da zafi. Sau uku muna kai ta asibiti. Aka gwada kakinta, aka ce ba tarin fuka ba ne, tsufa ne, mu koma gida.

Sai a Yamai wani likitan ƙirji ya warware mana. Hayaƙi ya cinye ƙarfin ƙananan hanyoyin iska na huhunta. Shaƙa ba ta ba ta wuya kamar fitarwa, domin in ta zo fitarwa hanyoyin kan lotse su rufe, tsohuwar iska ta maƙale ciki, sabuwa ta rasa wuri. Ya ce jiki ma yana da tasa dabarar: maƙogwaro, daidai inda murya ke fita, yakan ƙuntata ƙofarsa lokacin fitar da numfashi, matsin iska ya ɗan taru a baya ya tokare hanyoyin nan kada su rufe. Tsuke leɓen da take yi wannan aikin yake ƙarawa. Mu kuwa, Allah ya yafe mana, da cewa muke ta daina, ta buɗe baki ta sha iska.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ciwo na toshewar huhu ya kashe mutum fiye da miliyan 3 a 2019. Ba masu shan taba kaɗai yake kamawa ba, har da iyayenmu mata da ke wuni a gindin murhu.

Ranka ya daɗe, roƙona shi ne a kawo na'urar auna numfashi asibitocin jihohi, wadda mutum ke hurawa a gane ciwon, kada duk wanda gwajin tarin fuka ya wanke a sallame shi haka nan. A kuma koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci wannan numfashi na tsuke leɓe, su koya wa marasa lafiya, tunda ko dala ba ya ci. Magungunan shaƙa su samu a farashin da talaka zai iya.

Hunturu na tafe da ƙurarsa, kuma a lokacin ne Inna ke kwana zaune.

Naka,
Ɗan wata mai ƙosai, Tawa