Sararin sama na Tarayya ne, ƙasar da ke gefen filin jirgi kuwa ta gwamna ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan wani kira da ake yawan ji, musamman bayan hawan sallah ko lokacin da bukukuwa suka kankama, cewa majalisun dokokin jihohi su hana tashin ƙananan jirage marasa matuƙa, ko gwamna ya kafa hukumar da za ta riƙa ba su lasisi. Masu wannan kira suna da hujja. Jirgin mai hoto kan firgita doki a tsakiyar jama'a, kuma yakan leƙa tsakar gidan da ba a gayyace shi ba. Sai dai ƙofar da suke ƙwanƙwasawa ba ita ce ba, kuma garin neman ikon da jiha ba ta da shi, an yi watsi da wanda take da shi a hannu.

Kundin tsarin mulkin 1999 bai bar wata kafa ba. A jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, abu na 3 shi ne sufurin sama, haɗe da filayen jirage da lafiyar jiragen da jigilar mutane da kaya. Sashe na 4(5) ya ce duk dokar jiha da ta ci karo da ta Tarayya ta faɗi gwargwadon cin karon. Sashe na 251 kuma ya keɓe wa Babbar Kotun Tarayya shari'ar sufurin sama. A gyaran da aka sa wa hannu a Maris 2023 an ba jihohi dama a kan jirgin ƙasa da wutar lantarki da gidajen gyaran hali, amma sufurin sama na nan inda yake. Ko lokacin da aka haramta shawagin jirage a Zamfara a Maris 2021, fadar shugaban ƙasa ce ta sanar ta bakin mai ba da shawara kan tsaro, ba gidan gwamnati na Gusau ba. Haka hana jirage marasa matuƙa a Borno da Yobe da Adamawa a Janairun 2025, daga rundunar soji ta Haɗin Kai ya fito. Idan majalisar jiha ta yi dokar lasisi ta kanta, lauya ɗaya ya isa ya rushe ta, kuɗin da aka kashe wajen kafa hukumar ya tafi a banza.

Kuma ba wai babu doka ba ne. Tun a 2016 hukumar kula da sufurin sama ta ƙasa, NCAA, ta hana tayar da irin waɗannan jirage sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Wannan ofishi ne ke ba da takardar shaidar wanda zai yi amfani da na'urar, wadda idan babu ita kwastan na iya riƙe jirgin tun a wurin shigowa. Dokar sufurin sama ta 2022 da ƙa'idojin NCAA na 2023 sun ƙara fayyace lamarin, har aka ware wa jirage marasa matuƙa babi na 21. Gundarin ƙa'idar ba shi da wuya: a yi wa jirgi rajista, kada ya wuce ƙafa 400 daga ƙasa, wato kusan mita 120, mai riƙe da rimot ya kasance yana ganinsa da idonsa, kuma kada a kusanci filin jirgi ba tare da izini ba. Inda gizo ke saƙa shi ne, mai hoton biki a Gombe ko Birnin Kebbi yana ganin hanyar samun takardun ta yi masa nisa da tsada, sai ya tashi jirginsa kawai ya bar wa Allah. Ɗan sandan da ya kama shi kuma sau da yawa bai san wace takarda zai nema ba.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa muddin ba su wuce mita 120 ba, babu ruwansu da manyan jirage. Lissafi bai yarda da haka ba. Jirgin fasinja yana gangarowa ne a kan digiri 3, wato yana rage kusan mita 52 a kowace kilomita, kuma yana tsallaka bakin titinsa a tsayin kusan mita 15. Ke nan idan saura kilomita 2 ya sauka, yana kusan mita 120 daga ƙasa, daidai inda ƙaramin jirgin yake shawagi. Gudunsa a lokacin ya kai kilomita 250 a awa, kusan mita 70 a daƙiƙa ɗaya. Matuƙi ba zai hango abu mai faɗin faranti ba sai ya zo kansa. Tsuntsu nama ne da ƙashi mai laushi, amma ƙaramin jirgin nan yana ɗauke da injina huɗu na ƙarfe da batir mai kama wuta, kuma nauyin waɗanda masu hoto ke amfani da su yakan kai daga giram 900 zuwa kilo ɗaya da rabi. A Gatwick ta Ingila, a Disamban 2018, rahoton ganin jirage marasa matuƙa kawai ya dagula tashi da saukar jirage kusan 1,000, fasinjoji kusan 140,000 suka maƙale. Bayan nan ne Birtaniya ta faɗaɗa yankin da aka hana daga kilomita 1 zuwa 5.

Akwai kuma abin da na'urar ke yi da kanta. Idan sadarwa ta yanke tsakanin rimot da jirgi, ko batir ya yi ƙasa, yawancinsu sukan fara hawa zuwa wani tsayi da aka saita, sannan su miƙe zuwa inda suka tashi. Wanda bai duba wannan saiti ba, jirginsa zai iya hawa cikin hanyar babban jirgi, ko ya miƙe ya daki ƙarfen sabis ko wayar wuta. A lokacin hunturu iskar da ke sama ta fi ta ƙasa ƙarfi, batirin da aka ce yana rabin awa sai ya ƙare da wuri wajen dawowa gaba da iska, ga hazo ya ɓoye jirgin tun bai yi nisa ba. Irin wannan kan sa jirgin ya faɗo a kan jama'a.

To mene ne a hannun jiha? Ƙasa. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma hukumar tsara birane ta jiha ce ke amincewa da zanen gini. Babban haɗarin da ke tattare da filayen jiragenmu daga ƙasa yake tasowa, kuma NCAA ba ta da ikon yanka fili ko tashin juji.

A ƙa'idar hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, akwai wani shimfiɗaɗɗen layi da ba a gani, wanda ke farawa mita 60 daga bakin babban titin jirgi, yana hawa da kashi 2 cikin 100 har tsawon mita 3,000 na farko. Ma'ana a kilomita 1 kada wani abu ya wuce mita 20, a kilomita ɗaya da rabi kada ya wuce mita 30. Kewaye da filin kuma, har nisan kilomita 4, iyaka ita ce mita 45 sama da tsayin filin. Idan aka kafa ƙarfen sabis mai mita 40 a kilomita ɗaya da rabi daga bakin titi, ya haura da fiye da mita 10. Abin da zai biyo baya ɗayan biyu ne: ko a matsar da wurin sauka ciki, titin ya gajarce, babban jirgi ya rage kaya, ko a ɗaga tsayin da dole matuƙi ya hango titi kafin ya sauka. Na biyun ne ke cizo a watannin Disamba da Janairu, domin jirgin da da zai iya sauka cikin hazo sai ya juya. Fasinja ya zagi kamfanin jirgi, bai san wani jami'i ne ya sa hannu a zanen gini ba tare da ya nemi takardar izinin tsayi ta NCAA ba. Doka mai layi uku za ta magance wannan: duk gini ko ƙarfe a cikin wannan da'ira, ba za a amince da zanensa ba sai an haɗa da waccan takarda. Wannan dokar gini ce, ba ta sufurin sama ba, babu kotun da za ta taɓa ta.

Sai awon igiya. Ana gina filin jirgi a daji, bayan shekara goma dillalai sun yanka gonakin da ke bakin titin sun sayar, unguwa ta tashi a ƙarƙashin hanyar jirgi. Mutanen Kano ba su manta da 4 ga Mayun 2002 ba, ranar da jirgi ya faɗa Gwammaja jim kaɗan da tashinsa, mutum fiye da 100 suka rasu, da dama daga cikinsu suna cikin gidajensu. Tsohon gari ba ya tasuwa, wannan an sani. Amma Dutse da Damaturu da Gusau da Lafiya har yanzu suna da damar shata iyaka a taswira, a biya manoma diyya ta gaskiya, a bar wurin a matsayin gona maimakon gidaje, kafin fulotai su yi tsada.

Tsuntsaye ma aikin jiha ne da ƙaramar hukuma. Shawarar ICAO ita ce a sa ido a kan duk abin da ke tara tsuntsu har nisan kilomita 13 daga filin jirgi. Kwata tana kiran shirwa da ungulu, juji yana kiran hankaka da balbela, kududdufin da aka bari bayan haƙar ƙasar gini yana kiran tsuntsayen ruwa. Shirwa ta fi muni, domin idan rana ta yi zafi takan yi ta kewaya a sama ba tare da ta kaɗa fiffike ba, daidai tsayin da jirgi ke wucewa. Ma'aikatan filin za su iya yanke ciyawa su harba abin tsoratarwa a cikin shinge, amma muddin abincin yana waje, tsuntsu zai dawo. Shi kansa shingen, idan ya datse burtali ba a buɗe wa makiyaya wani ba, za a huda shi ko sau nawa aka gyara. A Yulin 2005 wani jirgin Faransa ya afka wa shanu a kan titin Fatakwal yayin sauka.

Game da gina sababbin filaye, babu abin da ya hana jiha ta gina, kuma Jigawa da Kebbi da Bauchi da Gombe duk sun yi, Akwa Ibom ma har kamfanin jirage ta kafa a 2019. Amma gini daban, izinin aiki daban, kuma kasafin kuɗi yakan tsaya a kan ginin. NAMA ce ke kula da hasumiya da na'urorin jagora, NiMet ke ba da rahoton yanayi, NCAA ke ba da shaidar cancanta, wadda ko Legas da Abuja sai a 2017 suka fara samu. A duba kashe gobara kaɗai. Jirgi irin Boeing 737-800 yana buƙatar mataki na 7, wato aƙalla motocin kwana-kwana biyu da lita 12,100 na ruwan haɗa kumfa. Manyan jiragen alhazai irin 747 ko A330-300 mataki na 9 suke so, motoci uku da lita 24,300, kuma a isa ko'ina a kan titin cikin minti uku. Mota ɗaya ta lalace, matakin filin ya sauka, jirgin alhazai ba zai zo ba. Ya kamata 'yan majalisar jiha su tambayi kuɗin gudanarwa na shekara-shekara kafin su amince da kuɗin aza harsashi.

Ragowar magana ita ce sirrin gida, kuma a nan ma jiha tana da ta cewa. Gidajenmu tsakar gidansu a buɗe take, makewayi da yawa ba rufi, katanga ce kaɗai sutura, ita kuwa ba ta tare kyamarar da ke sama. Sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin mutum da gidansa, amma kundin hukunta laifuka na jihohin Arewa, wanda asalinsa tun 1959 ne, ya san mai haura katanga, bai san kyamarar sama ba. Majalisar jiha za ta iya ƙara sashe da zai mayar da ɗaukar hoton cikin gidan wani ta sama ba da yardarsa ba, ko yaɗa shi, laifi. A lura da yadda za a rubuta: laifin shi ne leƙe, ba tashi ba. Amurka, wadda tsarinta na tarayya ne irin namu, ta riga ta gwada duka biyun. Jihar Fulorida ta yi doka a 2015 da ta hana ɗaukar hoton mutum a cikin mallakarsa da jirgi mara matuƙi. Birnin Newton na jihar Masacuset kuwa ya yi ƙoƙarin tilasta rajista da hana tashi ƙasa da ƙafa 400 a kan filayen mutane, sai kotun tarayya ta soke waɗannan sassa a 2017.

A matsayinta na mai fili, jiha za ta iya hana tayar da jirgi ko saukar da shi daga filin idi ko kasuwa ko harabar makaranta sai da izini, masarauta kuma ta keɓe wa masu hoto wuri nesa da layin dawakai. Hukumomin da ke ba masu ɗaukar hoto da fim lasisin sana'a za su iya sa takardar NCAA cikin sharuɗɗansu. Jiha za ta iya neman NCAA ta turo jami'ai su yi rajista da horo a babban birninta, tunda ga kwalejin koyon tuƙin jirgi a Zariya tun 1964. Hani na bai ɗaya, ko da doka ta yarda da shi, zai shafi masu safiyo da masu feshin gona da irin jiragen da suka fara kai magani asibitocin karkara a Kaduna a 2022. Wanda kuma jirgi ya dame shi a saman gida, kada ya sa masa gwafa ko bindigar toka. Abin zai faɗo ne da farfela tana juyawa da batirin da kan iya kamawa da wuta, a tsakar gidan da yara suke. Ya ɗauki hotonsa da waya, ya rubuta lokaci, ya bi inda ya sauka, domin mai rimot ɗin yawanci ba ya nisa, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naka,
Wani mai karatu, daga Kano