Kafin a ce katin Wi-Fi ya mutu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu saboda masu riƙe da tsofaffin kwamfutocin cinya irina, waɗanda da zarar intanet ya ƙi kamawa sai a ce musu kwamfutar ce ta gama yayi.

Ni tsohon malamin lissafi ne, na yi ritaya. Kwamfutata tun 2011 take hannuna, da ita nake buga wa yaran da nake yi wa darasi tambayoyi, da ita kuma nake karanta jaridarku. Wata huɗu da suka wuce ɗana ya canza rawutar gida, wato akwatin nan mai raba intanet, ya kawo sabuwa. Kafin ka ce kwabo wayar kowa ta kama. Tawa kwamfutar kuwa ko sunan sabuwar rawutar ba ta nuna ba. Sunayen na maƙwabta suna nan reras, har guda biyar, namu ne kaɗai babu.

Na kai wa wani mai gyara. Bai yi minti biyu yana dubawa ba ya ce, “Baba, katin Wi-Fi ɗin ya mutu. Ko dai a yi mata fomatin a gwada sa'a, ko ka haƙura ka sayi sabuwa.” Na ce masa, “Yaro, idan katin ya mutu, da wane idon yake ganin na maƙwabta?” Ya yi shiru. Na ɗauki kayata na dawo gida, kuma na gode Allah da ban yarda da fomatin ba, wato goge duk abin da ke cikinta, don da aikin shekaru ya tafi a banza, matsalar kuma tana nan inda take.

Ga abin da muka gano ni da ɗana a daren. Wi-Fi yana tafiya ne a kan zango biyu da aka fi sani, 2.4 gigahaz da 5 gigahaz. Na 5 ya fi gudu, amma bai kai na 2.4 nisa ba, kuma bango yana rage masa ƙarfi sosai. Yawancin katunan da aka sa wa kwamfutoci masu sauƙin kuɗi a zamanin tawa zangon 2.4 kaɗai suka sani. Ɗana, don son gudu, ya kashe 2.4 ya bar 5 kawai. Kamar rediyo ce da ba ta kama sai gajeren zango, ka je kana neman tashar FM a cikinta. Rediyon lafiyarta ƙalau, tashar ce ba a layinta take ba. Ya shiga shafin saitin rawutar ta wayarsa (adireshin yana rubuce a ƙasan akwatin, galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1), ya kunna 2.4, sai ga sunanmu ya fito.

A nan akwai wani ɗan tarko da ya kamata masu sayen kwamfuta ta hannu su sani. Zangon 2.4 an yanka shi layi-layi. A Amurka layi na 1 zuwa 11 ake amfani da su, a Turai da wasu wurare kuwa har da 12 da 13. Idan kwamfutarka don kasuwar Amurka aka ƙera ta, rawuta kuma ta zaɓi layi na 13 da kanta, to ba lalle katin ya gan ta ba, yau ya gani gobe ya rasa. Maganin shi ne a tsayar da rawutar a kan 1 ko 6 ko 11, domin su ukun nan ne ba sa hawa kan juna.

Bayan sunanmu ya fito, murna ta koma ciki, domin da na sa kalmar sirri sai kwamfutar ta ce ba za ta iya haɗuwa ba. Na sake bugawa har sau shida, na cire tabarau na goge na mayar, na fara zargin ɗana da ba ni kalmar da ba ita ba. Ashe makulli ne ya bambanta. Sabuwar rawutar tana kan tsarin tsaro mai suna WPA3, wanda ya fito a 2018, ita kuwa kwamfutata WPA2 ta sani, wanda ake amfani da shi tun 2004. Ba ta taɓa jin labarin sabon ba, kuma ba ta da bakin da za ta faɗa maka haka, sai dai ta ce ta kasa. Muka mayar da rawutar kan WPA2, nan take ta shiga. Amma ina gargaɗi: wani zai ce maka ka sauko har zuwa WEP, ko ka cire kalmar sirrin gaba ɗaya don a huta. Kada ka yarda. WEP tsohon makulli ne da aka daɗe da sanin yadda ake ɓalle shi cikin 'yan mintuna.

Tun daga lokacin na koyi tambayar da nake fara yi wa kaina duk sa'ad da abin ya tsaya: a ina igiyar ta tsinke? Hanya mafi sauri ita ce in kunna hotsifot a wayata in gwada. Idan kwamfutar ta kama na waya, to laifin yana wajen rawuta. Idan ta ƙi duka biyun, sai in dawo kanta. Sai dai a kula, wayoyin yanzu ma wasu a zangon 5 suke watsa hotsifot, a duba saitin a mayar 2.4 kafin a yanke hukunci.

Akwai wanda nake jin kunyar faɗa, amma zan faɗa. Wata rana ba ta ga kowa ba, har maƙwabtan. Na kwana biyu ina bincike. Jikata 'yar shekara tara ce ta nuna min wani ɗan makunni a gefen kwamfutar, wanda ya zame lokacin da nake cusa ta a jaka. Shekara goma sha ina tare da na'urar ban taɓa lura da shi ba. Tsofaffin kwamfutoci da yawa suna da shi, wasu kuma sai an danna Fn tare da ɗaya daga cikin maɓallan sama mai hoton eriya. A fara da wannan kafin komai.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne ranar da alamar ta nuna an haɗu, sanduna cike, amma ko shafi ɗaya ya ƙi buɗuwa. Ɗana ya koya min in buɗe baƙin allon nan na umarni, wato Command Prompt, in rubuta ipconfig. Idan lambar da ta fito ta fara da 169.254, ma'anarsa rawuta ba ta ba kwamfutar adireshi ba, ita ce ta laƙaba wa kanta, kuma da wannan ba za ta je ko'ina ba. A kashe rawutar a kunna, a sa kwamfutar ta manta da sunan a sake shiga. Tawa lambar daidai take, 192.168 ta fara. Kowane shafi sai ya ce haɗin ba shi da tsaro. Can idona ya kai kan agogon da ke kusurwar ƙasa, na ga kwanan watan ya koma shekaru baya. A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan batir mai siffar kwabo, irin wanda ake kira CR2032 a da yawa daga cikinsu, shi ke riƙe lokaci idan an kashe ta. Nawa ya ƙare, babban batirin ma ya daɗe da daina riƙe caji. Shafukan intanet kuwa suna da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kwamfutar da ta ɗauka tana wata shekara can baya sai ta ƙi amincewa da su. Na gyara kwanan wata da hannu, komai ya buɗe. Wa zai ce agogo ne zai hana mutum intanet?

Idan kuma tana kamawa tana saki, musamman bayan ta farka daga barci, a shiga Device Manager, wato shafin Windows mai jera kayan cikin kwamfutar, a nemo katin, a cire alamar da ta ba Windows izinin kashe shi don tanadin wuta. A wurin ne kuma za ka ga ɗan alwatika mai ruwan ɗorawa idan direban katin, wato manhajar da ke sa shi aiki, ya samu matsala, sai a haɗa kwamfutar da rawuta ta kebul ko a sauko da direban ta wata na'ura a sa.

Ba ina cewa tsohuwar kwamfuta ba ta da aibi ba ne. Windows 7 da ke kan tawa an daina aiko masa da gyaran tsaro tun Janairun 2020, Windows 10 ma wa'adinsa ya cika a Oktoban 2025. Saboda haka ba na shiga asusun banki da ita, kuma ɗana yana ta lallashina in bari ya sa min Linux, wani tsari da ake sawa a madadin Windows. Ina tunani.

Saura matsala ɗaya da ban warware ba. Eriyar Wi-Fi a cikin murfi take, kusa da gilashin, kuma wayoyinta sirara guda biyu ta wajen da murfin ke lanƙwasawa suke bi. Ina jin ɗaya ta fara tsinkewa, domin idan na buɗe murfin ya wuce wani mizani sai sanduna su faɗo daga huɗu zuwa ɗaya. Ɗana ya ce zai kawo min ɗan ƙaramin katin da ake sokawa a ramin USB, wanda ma zai iya kama zangon 5. Kafin ya kawo, na jingina murfin da ƙamus, daidai inda take so, a haka na buga wannan wasiƙa.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin lissafi, mai karanta jaridarku